Wa ke yanka wa teku kaso? Muhawara kan ƙa'idar kamun kifi

Hajiya Mai Ƙanƙara:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, don abin ya ishe ni. Na daɗe ina sayar da kifin ƙanƙara a Kano, ban taɓa ganin taitus ya yi irin wannan tsada ba. Mai kawo mana kaya daga Legas ya ce wai ba laifinsu ba ne, can Turai ne aka rage wa jirage abin da za su kama. Na ce to wa ya rage? Teku gonar wani ce? Ko irin zancen 'yan kasuwa ne, in za a ƙara kuɗi sai an nemo labarin da za a jingina? Masu ilimin abin ku fahimtar da mu.

Ɗan Kwari:
Hajiya, dala ce kawai. Komai da ake shigowa da shi ya tashi, har allura. Kada ki bari su ruɗe ki da zancen teku.

Malam Na Bussa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, dala ta yi nata aikin, wannan babu musu. Amma mai kawo miki kaya bai yi ƙarya ba. Taitus ɗin da muke ci, mafi yawansa daga arewacin tekun Atlantika yake fitowa, ruwan su Norwe da Birtaniya da maƙwabtansu. Akwai wata majalisar masana teku da ake kira ICES, mazauninta a Kofanhegan, duk shekara tana faɗa wa ƙasashen nan iyakar tan nawa za a kama ba tare da an taɓa uwar kifin ba. Tun wajen 2010 suka kasa daidaitawa kan rabo, saboda kifin ya fara ƙaura zuwa ruwan Aislan da tsibiran Faro, su kuma suka ce abin da ya shigo gidanmu muna da haƙƙi a kansa. Daga nan kowa ya riƙa yanka wa kansa kaso. In ka tara kason nan duka, kullum ya zarce abin da masana suka ce. An yi shekara da shekaru ana haka, kifin ya ja baya, har masanan suka ce a 2026 sai an rage fiye da rabi. To ki haɗa wannan da dalar Ɗan Kwari, ga kuɗin katan ɗinki nan.

Abin da ya kamata ya hana faruwar haka shi ne abin da mu a fagen aiki muke kira ƙa'idar kamu. Ba wani abu ba ne mai wuya. Tun ana zaman lafiya, kifi na nan da yawa, babu mai fushi, sai a zauna a rubuta: in kifin da ke ruwa ya kai kaza, za mu ɗebi kaza; in ya sauka ƙasa da wannan layi, za mu rage hannu da kaza; in ya faɗi ƙasa da wancan, mu naɗe taru. Kowa ya sa hannu. Ranar da kifi ya ragu ba a sake zama a yi ciniki, lissafi ne kawai ake bi.

Ɗan Kwari:
Malam, ai wannan ita ce doka. Wace ƙasa ce ba ta da dokar kamun kifi? Mu ma muna da ita a takarda.

Malam Na Bussa:
Akwai bambanci, ɗan'uwa. Doka tana cewa kada ka yi su da guba, kada idon ragarka ya yi ƙanƙanta. Ƙa'idar kamu kuma adadi take bayarwa, kuma adadin yana hawa yana sauka da yawan kifin. Amfaninta shi ne ta cire hannun minista daga cikin kwano. Bari in ba ka misalin inda ba a cire ba.

A gabashin Kanada, yankin Niyufanlan, akwai kifin kod da aka yi ɗaruruwan shekaru ana kamawa. A 1968 kaɗai an kwashi kusan tan 810,000, yawanci manyan jiragen ƙasashen waje. Kanada ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 200 a 1977, ta kori baƙi, sai ta maye gurbinsu da nata jiragen. A 1989 masana suka gane sun yi kuskuren ƙidaya, kifin bai kai yadda suka zata ba, suka ce a sauke kaso zuwa tan 125,000. Gwamnati ta dubi garuruwan da za su rasa aiki, ta dubi zaɓe, ta sa 235,000. Shekara uku bayan nan, ranar 2 ga Yuli 1992, minista John Crosbie ya fito ya ce an rufe kamun gaba ɗaya. Mutum wajen 30,000 suka wayi gari babu sana'a. An ce rufewar shekara biyu ce. Sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, da tan 18,000. Ka auna 18,000 da 810,000.

Ministan 1989 ba mugu ba ne, tausayi ya ji. Amma da akwai ƙa'idar da ta ɗaure hannunsa, da ya ce wa masunta ba ni ba ne, lissafi ne.

Baba Ɗan Doro:
Malam, na karanta duk abin da ka rubuta, yaro ya ƙara mini girman rubutun. Ni shekara arba'in ina harkar banda tsakanin Baga da Maiduguri, har Onica mun kai kaya. Tambayata ɗaya ce. Wa ya shiga ruwa ya ƙirga kifin? Ka ce in kifi ya kai kaza. Shanu ana ƙirga su, buhu ana ƙirga shi. Kifi fa? Kai da bakinka ka ce masanan Kanada sun yi kuskure. To lissafin da aka gina a kan kuskure mene ne sunansa?

Ɗaliba A Norwe:
Baba, Allah ya ƙara girma, in an ba ni dama in ɗan sa baki, don abin da muke karantawa ke nan a nan Turomso. Ba a ƙirga kifi ɗaya bayan ɗaya. Jirgin bincike yana fita a wata guda kowace shekara, ya ja raga iri ɗaya a wurare ɗaya na tsawon lokaci ɗaya, a auna abin da ya fito a kwatanta da na bara. Akwai na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ya dawo, ta nuna kaurin garken kifi. Sannan a kan kifi akwai wani ɗan ƙashi a cikin kunne mai zobe-zobe kamar na kututturen itace, da shi ake sanin shekarunsa. In an san 'yan shekara uku nawa ne, 'yan huɗu nawa ne, aka haɗa da abin da aka sauke a tasha, sai a yi ƙiyasi.

Ƙiyasi ne, Baba, kuma yana kuskurewa. Abin da ya faru a Kanada ma akwai abin da Malam bai faɗa ba, wanda zai yi muku daɗi. Ƙananan masunta na bakin gaɓa sun yi ta kuka tun shekarun 1980 cewa kifi ya ƙanƙance kuma ya yi wuyar samu. Ba a saurare su ba, saboda manyan jirage na ta dawowa cike. Ashe kod kifi ne mai taruwa wuri ɗaya, ko ya ragu sauran sai su dunƙule, jirgi mai na'ura ya bi su har inda suke. Jirgi na cika, teku na ƙarewa.

Baba Ɗan Doro:
To kin gani, 'yata. Masunci ya riga mai takarda sani.

Ɗaliba A Norwe:
A wannan karon haka ne, Baba. Shi ya sa yanzu kafin a amince da ƙa'ida, sai an jarraba ta a kwamfuta da kuskure a ciki da gangan. A ce mu ɗauka ƙiyasinmu ya zarce gaskiya shekara biyar a jere, ko kifi bai hayayyafa da kyau ba, shin wannan ƙa'idar za ta bar iri a ruwa? Wadda ta kasa sai a jefar da ita. Wato ba a cewa mun san adadin. Ana neman ƙa'idar da ko mun yi kuskure ba za ta kai mu rami ba.

Hajiya Mai Ƙanƙara:
Ni dai ku ba ni misalin inda abin ya yi aiki. Tun ɗazu labarin asara kuke ba mu.

Malam Na Bussa:
Aislan, Hajiya. Ƙaramar ƙasa ce, mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, kuma kifi ne jarinsu, har rigima suka yi da jiragen yaƙin Birtaniya a kan iyakar ruwa, aka gama a 1976. Kawunan busasshen kifin nan da ake sayarwa a Sabon Gari, okporoko, da yawa daga can suke zuwa, sauran daga Norwe.

A 1995 suka kafa ƙa'ida: duk shekara za a kama kashi 25 cikin 100 na nauyin kod ɗin da ya kai shekara huɗu zuwa sama. Bai tafi daidai ba da farko. Wajen 2000 aka gano ƙiyasin ya yi yawa, wato abin da aka ɗiba ya wuce kashi 25 ɗin. A 2007 suka cije, suka sauke kaso zuwa tan 130,000, garuruwan bakin teku suka yi kuka sosai. Daga nan aka koma kashi 20, aka tabbatar da shi a 2009, da wata dabara a ciki: a ɗauki kashi 20 na bana, a haɗa da kason bara, a raba biyu. Misali, a ce ƙiyasi ya ba da tan miliyan ɗaya. Kashi 20 shi ne 200,000. In kason bara 240,000 ne, ka haɗa ka raba, ka sami 220,000. Hikimar ita ce kada mai jirgi da mai masana'anta su kwana da yawa su tashi da kaɗan, kuma in masana sun yi kuskure a shekara ɗaya, rabin kuskuren ne kawai zai shiga. Cikin shekara goma kason ya haura tan 250,000, kifin kuma ya ƙara girma. A 2021 aka sake gyara ƙiyasi ƙasa, kaso ya sauka, gwamnati ta bi.

Shekarar kamunsu tana farawa 1 ga Satumba. Duk kifin da aka sauke sai an auna shi a tasha a rubuta. Haramun ne ka zubar da ƙananan kifi a teku don ka cike kasonka da manya. In aka ga ƙananan sun yi yawa a kamun wani wuri, ana rufe wurin nan take na ɗan lokaci.

Abu Sumayya:
Ni wannan ya yi mini kama da zakka. Akwai nisabi, akwai kaso sananne. In dukiya ba ta kai nisabi ba, ba a taɓa ta. Mai karɓa ba ya ƙarawa don ya ga kana da fara'a, ba ya ragewa don kai ɗan gidan sarki ne.

Ustazu Na Layin Masallaci:
Malam Abu Sumayya, misalin ya kusa amma a yi hattara. Nisabi da kason zakka nassi ne, ba mai canza su. Wannan kuwa mun ji da kunnenmu an tashi daga 25 an koma 20. Ijtihadin mutane ne. Na biyu, mai dukiya ya san raƙumansa nawa. Su waɗannan kintace suke yi. In kana neman misali, ka ce uwar kuɗi da riba: ka ci riba, ka bar jari. Ko manomi da irin shuka a rumbu.

Abu Sumayya:
Na karɓi gyara, Allah gafarta Malam. Siffar nake nufi ba hukuncin ba.

Ɗaliba A Norwe:
Kada dai mu yi wa abin kwalliya fiye da kima. Nan inda nake akwai kod mafi yawa a duniya, na tekun Barents, wanda Norwe da Rasha suke rabawa daidai wa daida bayan an cire na wasu ƙasashe. Hukumar haɗin gwiwarsu tun 1976 take zama, har lokacin yaƙin cacar baka, har bayan ɓarkewar yaƙin Yukren ba su daina ba. Ƙa'idarsu ta fara aiki a 2004. A 2013 kaso ya kai tan miliyan ɗaya, kowa na yabo. A 2025 ya dawo 340,000. Shekaru da dama ƙananan kifin da ke tasowa ba su da yawa, kuma ƙa'idar tana da birki, ba ta yarda a rage fiye da kashi 20 a shekara ba muddin iyayen kifin ba su faɗi ƙasa da wani layi ba. Wasu masana na ganin birkin nan ya jinkirta ragewar da ya kamata a yi da wuri. Dabarar da ke kare ɗan kasuwa daga girgiza, ita ce kuma ke sa a makara.

Ɗan Kwari:
Ato. Da ƙa'ida kifi ya ragu, babu ƙa'ida kifi ya ragu. Ina ribar?

Ɗaliba A Norwe:
Ribar ita ce har gobe ana kamawa, Yaya. A Kanada shekara 32 aka yi ana jira.

Ɗan Zangon Tema:
Salamu alaikum daga Gana. Ina bin ku tun farko. Mu nan ba mu da wannan lissafi na kashi kaza, abin da muke da shi rufe teku ne. Daga 2019 zuwa 2024 an riƙa hana masu kwale-kwale fita na wata guda, daga baya ma aka tsayar da shi a Yuli, manyan jirage kuma wata biyu. Dama can mutanen gaɓa suna da al'adarsu, ranar Talata ba a shiga teku. Amma ku tambayi duk matar da ke ƙyafe kifi a nan, za ta ce muku ƙananan kifin nan da talaka ke ci da kenke sun yi ƙaranci. Dalili? Wata ɗaya kake hutawa, wata goma sha ɗaya kana kamu da fitila da dare da raga mai ƙaramin ido. Ga saiko da aka sha fama da shi, manyan jirage su kwashe kifin da ba nasu ba, su daskarar, su sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku, ba ya shiga littafin kowa. In an buɗe teku kuma kowa ya fita da haushin watan da ya rasa. Ni a ganina, in ba a san abin da ake saukewa ba, kowace irin ƙa'ida ado ce.

Malam Na Bussa:
Ɗan Zango ya taɓo inda ke ciwo. Ƙa'ida ƙafa uku take tsayawa a kai kamar murhu: awo, yarjejeniya, da mai tsarewa. Taitus ɗin Hajiya yana da awo mai kyau, yarjejeniya ce babu. Ku a Gana awon ne ke yoyo.

Bakabe:
Ku yi haƙuri, duk kun tafi Turai kun bar gida. Mu a Argungu tun kafin a haifi kakan mai kwamfuta muke da wannan. Kogin Matan Fada ba mai jefa homa a cikinsa sai ranar da aka ba da izini. Sarkin Ruwa ne ke da magana, kuma ana jin maganarsa. Shi ya sa ranar gasa kake ganin giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗaga. Bikin nan tun 1934 ake yin sa, UNESCO ma ta sa shi a jerinta a 2016. Wace ƙa'ida ce ta fi wannan?

Malam Na Bussa:
Bakabe, ban raina Matan Fada ba, kuma ƙafa ta uku da na ce, mai tsarewa, ku kuna da ita fiye da ma'aikatu da yawa. Amma hani ne tsayayye, ko kifi ya yi yawa ko ya yi kaɗan haka yake. Abin da ƙa'idar kamu ta ƙara shi ne ta ce in alama kaza ta bayyana, ga abin da za a yi. Kuma ɗan yanki ne na kogi ake tsarewa saboda rana ɗaya. Ba a kansa dubban gidaje suke cin tuwon kullum ba.

Bakabe:
Malam, Sarkin Ruwa ma yana duba ruwa kafin ya buɗe tafki. Ba a rubuce ba ne kawai.

Malam Na Bussa:
Na yarda. To a rubuta mana, don ranar da aka naɗa wanda ba ya duba ruwa sai aljihu.

Ɗan Sarkawa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni daga Yawuri nake, gidanmu su muka gada. Na karanta wa mahaifina wannan zance da daddare, ga abin da ya ce in rubuta.

Ya ce lokacin da yake saurayi, bayan an tare ruwa a Kainji, kalli mai faɗin ido suke sakawa, su ɗauko faliya da giwan ruwa da ragon ruwa. Yau in ka saka irin wannan kallin sai ka kwana ka ɗauko ruwa. Kowa ya koma ƙaramin ido, wasu har gidan sauro suke ja a bakin gaɓa, su kwaso 'ya'yan karfasa da ba su kai yatsa ba. Ya ce shi ma ya rage idon ragarsa, ba don bai san illa ba, sai don in ya bari wani zai kwashe. Ya tuna zamanin da Jamusawa suka yi aiki da gwamnati a tafkin, shekarun 1990, ana zagayawa ana ƙirga jirage da raga, ana ba da lasin, aka hana jan tarun bakin gaɓa. Ya ce an ga sauƙi na ɗan lokaci. Da aikin ya ƙare, sannu a hankali aka koma gidan jiya.

Tambayarsa ga Malam: mu da ba mu da jirgin bincike, ba ma auna kifi da sikeli sai da daro da kwando, kuma ba kifi iri ɗaya muke kamawa ba, raga ɗaya ta fito da iri goma, yaya za a yi mana kashi 20?

Malam Na Bussa:
Ka gaishe mini da Baba, ka ce tambayarsa ta fi duk abin da na rubuta. Ba za a yi muku kashi 20 ba. Wanda ya ce zai kwafo na Aislan ya kawo Kainji yaudarar kansa yake. A can jirage ƙalilan ne da tashoshi sanannu. A nan dubban jirage ne, kowane gaɓa tasha ce.

Amma ƙashin bayan abin yana ɗaukuwa. Ba sai an san kifi nawa ke ruwa ba, alama ake nema wadda kowa zai iya gani. A zaɓi kifi biyu ko uku da kowa ya sani, a ce karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa. A wasu tashoshi, ranar kasuwa, a sa yaro mai littafi da katako mai awo, ya auna tsawon kifi daga jirage goma na farko, ya rubuta daro nawa kowane jirgi ya kawo da irin ragar da ya saka. Shekara biyu ana haka, an sami ma'auni. Sai sarakunan ruwa da masunta da ma'aikata su zauna su amince tun kafin a shiga matsala: in fiye da rabin karfasar da ake saukewa ba ta kai girman yin ƙwai ba, badi za a ƙara wata guda a kan hutun lokacin hayayyafa, a rufe wuraren ciyawa da kifi ke ƙwai. In alama ta gyaru shekara biyu a jere, a sassauta. Maimakon tan, kwanaki da wurare da idon raga ake juyawa. Tsawon kifi ya fi yawan daro gaskiya, saboda abin da ɗalibarmu ta faɗa, daro na iya cika alhali ruwa na ƙarewa.

Baba Ɗan Doro:
Malam, a Kainji wataƙila. A tafkin Chadi ban yarda ba. Mu abin da muka sani, ruwa ke kawo kifi. Shekarar da Shari da Lagon suka cika, ruwa ya malala cikin ciyawa, badi tarwaɗa har sai an rasa itacen banda. Shekarar fari kuwa ko ba wanda ya jefa ƙugiya babu kifi. Na ga tafkin nan ya janye a shekarun 1970 da 1980 har mutane suka yi noma inda muke tuƙa jirgi. Wane masunci ne ya shanye shi? Sannan shekarun nan da rikici ya hana mu shiga ruwa, sojoji suka rufe hanya, wannan ai hutu ne da babu ƙa'idar da za ta iya ba da shi, mu kuma muka ci wuya. Ka zo ka ce wa mutumin da ya dawo daga gudun hijira ya rage dumba, shingen da yake tare kifi da shi?

Malam Na Bussa:
Baba, a nan kun fi ni gaskiya, kuma bincike yana bayanku. A ruwan fadama da tafki marar zurfi, girman ambaliya shi ne babban abin da ke yanke yawan kifin shekara mai zuwa, kuma irin su tarwaɗa da karfasa suna saurin mayar da gurbi. Kod sai ya shekara shida ko bakwai kafin ya fara ƙwai, karfasa kuwa cikin shekara ɗaya. Abin da zan ce kawai, in ruwa ne mai mulki, to a ɗaura ƙa'idar a kan ruwan. Shekarar cika a saki hannu. Shekarar da ruwa ya gaza kai wata alama, a bar wasu kududdufai masu zurfi ba a taɓa ba, a buɗe ƙofa a dumba kada a tare hanya gaba ɗaya, don a sami iyayen da za su cika ruwan in ya dawo. Gejin ruwa ba ya buƙatar jirgin bincike, sanda ce a kafe.

Baba Ɗan Doro:
Wannan kuma dama iyayenmu suna yi. Akwai ramukan da ba a taɓawa sai Bulama ya ce.

Hajiya Mai Ƙanƙara:
To ni duk na ji. Abin da ban ji ba, in an rage kamu, wa ake ragewa? Don na san halinmu. Mai jirgi goma zai san wanda zai gani, mai jirgi ɗaya shi za a ƙwace wa raga.

Ɗaliba A Norwe:
Hajiya, ba halinmu ba ne mu kaɗai. Ƙa'idar kamu tana faɗin nawa za a kama, ba ta faɗin wa zai kama. A Aislan an raba kason ga masu jirage tun 1984, daga 1990 aka ba da damar saye da sayarwa sosai. Manyan kamfanoni suka yi ta saye, wasu ƙauyukan arewa maso yamma suka wayi gari kifi na gabansu a teku amma izinin kama shi ya bar garin. Har yau rigimar siyasa ce a can. Kifin ya farfaɗo, wasu garuruwan ba su farfaɗo ba.

Ɗan Kwari:
Kun ga inda na ce. Ƙarshenta dai mai kuɗi.

Ɗan Sarkawa:
Malam, na gaya wa Baba amsarka. Ya ce zancen katako da littafi ba wuya, ƙanina ma zai iya, ranar kasuwar Yawuri ai a bakin ruwa yake yini. Ya ce shi zai yi wa Sarkin Ruwanmu magana. Amma ya ce in tambaye ka abu biyu. Watan da za a ƙara na hutu, me za a ci a cikinsa, tunda mai ba su bashin raga ba ya hutu? Na biyu, tafkin nan rabinsa Kebbi rabinsa Neja. In mu mun naɗe raga, na ƙetaren ruwa bai naɗe ba fa?

Malam Na Bussa:
Na biyun shi ne ainihin abin da ya sami taitus ɗin Hajiya, ƙasashe masu jiragen bincike da kwamfuta sun shekara goma sha biyar ba su warware shi ba. Sai dai sarakunan ruwan gaɓa biyu sun san juna, suna auratayya, wataƙila su fi ministoci saurin zama. Na farkon kuma ba ni da amsar da zan ba dattijo in kalli idonsa. Ka turo mini lambarka ta akwatin sirri, zan aiko maka da hoton yadda ake tsara shafin littafin da tsawon da karfasa ke fara ƙwai. Ku fara da awon tukuna, kada a yi zancen hana kowa komai sai an ga abin da littafin ya nuna.

Hajiya Mai Ƙanƙara:
Ku ci gaba, zan dawo in karanta. An ɗauke wuta tun azahar, bari in je in ga mai janareta kafin katan ashirin su narke mini.